Kwalbar da Tsoro Ya Kawo Mana

A ranar Lahadi, 3 ga Mayu, 2020, ana cikin azumin watan Ramadan, labari ya fito daga Gusau cewa Allah ya yi wa Sarkin Kiyawan Ƙaura Namoda, Alhaji Muhammad Ahmad Asha, rasuwa. Ya cika ne a sashen killace marasa lafiya na Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, yana jiran sakamakon gwajin korona. Har zuwa wannan rana, mutane da yawa a arewacin Zamfara a rediyo kawai suke jin cutar, suna yi mata kallon ciwon Legas da Abuja, ciwon masu hawa jirgin sama. Rasuwar sarki ta matso da maganar har ƙofar gida.

A makonnin nan ne wata 'yar kwalbar roba ta samu shiga. Ka je banki, mai gadi ya tare ka ya ɗiga maka abin da ke cikinta a tafin hannu. Ka je ofis ko asibiti, ga ta a bakin ƙofa kusa da bokiti mai famfo. Masu hali suka riƙa yawo da ita a aljihu da cikin mota, farashinta ya yi tashin gwauron zabo. Wasu suna ce mata sanitaiza, gidajen rediyo suna cewa man tsabtace hannu. Da tsoro ya lafa, ita ma sai ta ɓace, kamar baƙon da ya zo ta'aziyya ya koma garinsu.

Kwanakin baya na shiga wani shagon sayar da magani a Ƙaura, na hango ta can saman kanta, ƙura ta rufe ta, wa'adinta ya wuce da daɗewa. A cikin rabin awar da na yi zaune, mai shagon ya wanke wa wani yaro gyambo, ya karɓi kuɗi ya ba da canji, ya yi wa wata tsohuwa allura. Bai taɓa ruwa ba, bai kuma dubi kwalbar ba. Mutumin kirki ne, kuma ya yi karatu daidai gwargwado. Abin da ya sani shi ne abin da yawancinmu muka sani: sanitaiza kayan korona ce, korona kuwa ta wuce.

Wannan fahimta kuskure ce, tarihin kwalbar kuma shi zai nuna haka. An ƙirƙire ta ne domin irin wannan rabin awa, domin hannun da ke tashi daga jikin wani majiyyaci zuwa jikin wani a ranar da babu labarin annoba ko ɗaya. Wanda ya san dalilin yin ta zai san inda take aiki, da yadda ake shafa ta, da inda ba ta tsinana komai.

Likitan da aka ƙi saurara

A shekarun 1840, babban asibitin birnin Vienna na ƙasar Ostiriya yana da ɗakunan haihuwa biyu. A na farko likitoci da ɗalibansu ke karɓar haihuwa, a na biyu kuma ungozomomi. Matan birnin sun gane bambancin tun kafin masana su rubuta shi, har sukan roƙa da hawaye kada a kwantar da su a ɗaki na farko, domin zazzaɓin bayan haihuwa yana kashe mata a can kusan ninki uku na waɗanda yake kashewa a ɗakin ungozomomi.

Wani matashin likita ɗan ƙasar Hangari, Ignaz Semmelweis, ya daɗe yana neman dalili bai samu ba. A watan Maris na 1847 abokinsa Jakob Kolletschka ya rasu bayan wuƙar fiɗa ta yanke shi a wajen binciken gawa, kuma abin da aka gani a jikinsa ya yi kama da abin da ake gani a jikin matan da zazzaɓin ya kashe. Daga nan Semmelweis ya gane bakin zaren: ɗalibai suna fitowa daga ɗakin gawa su wuce ɗakin haihuwa kai tsaye, ungozomomi kuwa ba sa taɓa gawa. A tsakiyar Mayu ya wajabta wa kowa wanke hannu da ruwan da aka jiƙa sinadarin kulorin a ciki kafin duba mace. A watan Afrilu, mace-macen ɗakin sun haura kashi 18 cikin 100. A watan Yuni sun sauko zuwa kusan kashi 2.

Duk da wannan hujja, manyan likitocin zamaninsa ba su karɓa ba. A lokacin ba a kai ga tabbatar da cewa ƙwayoyin cuta ne ke haddasa irin waɗannan cututtuka ba, sai daga baya aikin Louis Pasteur da Joseph Lister da Robert Koch ya kafa wannan ilimi. Sannan akwai girman kai, domin babu likitan da ke son a ce masa hannunsa ne ajalin majiyyatansa. Akwai kuma dalili na uku da ba a cika ambata ba: ruwan kulorin yana da wari, yana cin fata, kuma tsayawa wanke hannu da shi sau da dama a yini wahala ce. Semmelweis ya rasu a 1865 a gidan masu taɓin hankali, yana da shekara 47. Ya bar wa na baya gaskiya, ya kuma bar musu matsala: ta yaya za a sa mutumin da aiki ya yi wa yawa ya tsabtace hannunsa kowane lokaci?

Daga kwalli zuwa alkohol

Sinadarin da ya warware matsalar yana da suna mai tsohon tarihi. Kalmar alkohol ta fito ne daga Larabci, al-kuhl, wato kwallin da iyayenmu mata ke sa wa ido. A Turai ma'anarta ta yi ta faɗaɗa, daga garin kwalli mai laushi zuwa duk abin da aka tace har ya kai maƙura, a ƙarshe ta tsaya a kan sinadarin da ake tatsowa daga giya. Ita ma fasahar tacewar, wato a tafasa ruwa a tara tururinsa ya koma ruwa, masanan Bagadaza irin su al-Kindi sun yi rubutu a kanta tun ƙarni na 9, wajen haɗa turare da ruwan wardi.

A 1888 wani likitan Jamus, Paul Fürbringer, ya shigar da alkohol cikin tsarin tsabtace hannun likita kafin tiyata. Binciken da ya biyo baya ya gano wani abu da hankali bai zata ba: alkohol tsantsa bai kai wanda aka sirka da ruwa kaɗan kashe ƙwayoyin cuta ba. Dalili shi ne, aikinsa narkar da kitsen da ya lulluɓe ƙwayar cuta ne da daskarar da furotin ɗin da ke cikinta, kamar yadda zafi ke daskarar da farin ƙwai, wannan aiki kuwa yana bukatar ruwa. Amma idan ruwan ya yi yawa, ƙarfin ya tafi. Shi ya sa aka tsayar da ma'auni tsakanin kashi 60 zuwa 95 cikin 100. Duk abin da ya gaza kashi 60 ba abin dogaro ba ne, ko da ƙamshinsa ya cika ɗaki.

A 1965 aka fito da Sterillium a birnin Hamburg, haɗin alkohol da ake shafawa a hannu ba tare da ruwa ba, wanda aka ƙara wa sinadarin da ke hana fata bushewa. A Amurka kamfanin GOJO ya fito da Purell a 1988, ya kai shi kantunan jama'a a 1997. Irin wannan mai kauri ne muka fi sani a nan.

Lissafin da aka yi a Geneva

Wanda ya mayar da kwalbar ginshiƙin aikin asibiti shi ne Didier Pittet, likita a asibitin jami'a da ke Geneva, ƙasar Siwizalan. A tsakiyar shekarun 1990 shi da abokan aikinsa suka tsaya a ɗakunan jinya suna ƙirga sau nawa ma'aikata ke wanke hannu a lokacin da ya kamata. Amsar ita ce kashi 48 cikin 100, a ɗaya daga cikin ƙasashen da suka fi kowa arziki, inda famfo ba ya ƙafewa. Mafi muni, inda aiki ya fi yawa kuma haɗari ya fi girma, nan wanke hannu ya fi ƙaranci. A sashen kulawa ta musamman, nas tana bukatar tsabtace hannu kusan sau 20 a awa ɗaya. Idan zuwa famfo da wankewa da gogewa da dawowa suna cin minti ɗaya da rabi, rabin lokacin aikinta ya tafi ke nan. Abin da ake ɗauka sakaci ne ashe ƙarancin lokaci ne.

Sai suka sa wa kowane ma'aikaci 'yar kwalba a aljihu, suka rataya wata a jikin kowane gado, da haɗin da masanin magungunan asibitin, William Griffiths, ya tsara. Sakamakon da mujallar The Lancet ta buga a 2000 ya nuna tsabtace hannu ya tashi daga kashi 48 zuwa 66, cututtukan da majiyyata ke ɗauka a cikin asibitin kuma sun sauko daga kashi 16.9 zuwa 9.9. A 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki tsarin ta kai shi ƙasashe, a 2009 ta fitar da cikakkun ƙa'idojinta, ta kuma bayyana haɗin a fili ba tare da haƙƙin mallaka ba, domin kowane asibiti ya iya yin nasa.

Haɗin ba shi da wuyar fahimta. Na farko ya ƙunshi etanol kashi 80, gilisarin kashi 1.45 domin laushin fata, da haidurojin feroksaid kashi 0.125 domin kashe abin da ka iya ɓuya a cikin kwalba ko kayan haɗin, sauran kuma ruwa ne da aka tace ko aka tafasa ya huce. Na biyu yana amfani da isofurofil kashi 75 a madadin etanol. Asibitin da aka zaɓa a Afirka domin gwada tsarin shi ne Point G da ke Bamako, ƙasar Mali, inda ɗakin magani na asibitin ya riƙa haɗa man da kansa. Tsabtace hannu a can ya tashi daga kashi 8 zuwa kusan 22. Adadin bai kai abin alfahari ba, amma ninki kusan uku ne, a asibitin da yanayinsa ya fi kusa da namu fiye da na Geneva. A Geneva ƙarancin lokaci kwalbar ta magance. A Bamako ta magance ƙarancin lokaci da na ruwa baki ɗaya, su ne kuwa matsalolin asibitocinmu.

Tambayar barasa

A Zamfara akwai tambayar da ba za a tsallake ba. Jihar ce ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau ranar 27 ga Oktoba, 1999, dokar ta fara aiki a Janairun 2000, kuma an hana sayar da giya da shan ta. To, me ya halatta a shafa abin da ke ɗauke da sinadarin barasa a hannu, a kuma tashi a yi salla? Na sha jin wannan tambaya a 2020, kuma masu yin ta ba gardama suke nema ba.

Ni ba malami ba ne, amma abin da malamai suka faɗa a rubuce yake. Mafi yawan magabata suna ganin giya najasa ce. Wasu kuma, ciki har da Rabi'atu, malamin Imamu Malik, da Laisu ɗan Sa'ad, suna ganin haramcin yana kan sha ne, ita kanta ba najasa ba ce. A watan Janairu na 2002, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar Rabiɗa, a zamanta na 16 a Makka, ta halatta amfani da alkohol a bayan jiki domin wanke rauni da kashe ƙwayoyin cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba wannan batu babi na musamman a ƙa'idojinta, kuma asibitocin Riyad na Saudiyya suna cikin wuraren da aka fara gwada tsarin. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba yana iya neman mai isofurofil, wanda ba daga giya ake samun sa ba, ba kuma abin sha ba ne, guba ne ma ga wanda ya sha.

Akwai inda fiƙihu da kimiyya suka haɗu a nan. Duk wanda ya karanta Ahalari ko Ishmawi a makarantar allo ya san ruwa ke gusar da najasa, kuma shafa mai ba ya zama tsarki ko alwala. Masu binciken lafiya ma haka suka ce ta tasu hanyar: idan ido yana ganin datti, ko jini, ko bayan gida a hannu, alkohol ba ya ratsa shi, sai ruwa da sabulu. Al'ummar da ke ɗaukar buta sau biyar a yini ba baƙuwar wanke hannu ba ce. Abin da kwalbar ta zo cikewa shi ne tazarar da ke tsakanin salla da salla, lokacin da hannu yake fes a ido amma ya taɓa mutum goma.

Zuwa biyu, duka a cikin firgici

Mu ba ta ƙofar asibiti kwalbar ta shigo mana ba, shi ne asalin rashin fahimtar. Zuwanta na farko a 2014 ne. Ranar 20 ga Yuli wani ɗan Laberiya, Patrick Sawyer, ya sauka Legas ɗauke da Ebola. Dokta Ameyo Stella Adadevoh ta hana shi fita daga asibitin da aka kwantar da shi, ta kamu, ta rasu ranar 19 ga Agusta. Mutum 20 suka kamu a Nijeriya, 8 suka rasu, ranar 20 ga Oktoba aka ayyana ƙasar ta kuɓuta. Cutar ba ta zo Arewa ba, amma tsoronta ya zo. Wa zai manta daren farkon Agusta da wayoyi suka yi ta ƙara, 'yan'uwa suna tashin juna a yi wanka da ruwan gishiri kafin asuba? Aƙalla mutum biyu suka rasu saboda shan ruwan gishirin. A wannan yanayi ne yawancinmu muka fara ganin sanitaiza, saboda haka muka ajiye ta a zuciya kusa da gishirin, a matsayin wani abin kariya da ake nema idan bala'i ya taso.

Zuwanta na biyu ya biyo bayan 27 ga Fabrairu, 2020, ranar da aka tabbatar da korona a Legas. A duka lokutan biyu shawarar amfani da ita daidai ce, domin ƙwayoyin Ebola da korona suna da rigar kitse da alkohol ke narkarwa cikin daƙiƙoƙi. Amma yadda aka yi amfani da ita ya fi kama da al'ada: ɗigo ɗaya a tafi, a murza sau biyu, a goge a jikin riga, a wuce. Kasuwa kuma ta cika da jabu, wasu ruwa ne da turare, wasu sun fi haka haɗari. A tsakiyar 2020 hukumomin Amurka sun gano sanitaiza da aka haɗa da metanol, wani nau'in alkohol mai makantarwa da kisa, kuma a jihohin Arizona da New Mexico mutum 15 da suka sha ta aka kwantar, huɗu suka mutu. A Iran ɗaruruwa suka mutu a watannin farko na annobar bayan jita-jitar cewa shan alkohol yana maganin cutar. Abin da aka karɓa cikin tsoro ba tare da iliminsa ba yakan koma cuta.

Inda ƙarfinta ya ƙare

Cututtukan da suka fi addabar Shinkafi da Zurmi ba su cika kama da korona ba. A 2021 Nijeriya ta ga annobar kwalara da ta shafi sama da mutum 111,000, fiye da 3,600 suka rasu, Zamfara tana cikin jihohi huɗu da suka fi yawan masu cutar. A daminar 2025 ƙungiyar likitocin ƙasa da ƙasa ta MSF ta ce daga tsakiyar Yuni zuwa farkon Agusta an ga sama da mutum 1,500 masu alamun cutar a asibitocin da take tallafa wa a Zurmi, Shinkafi da Talata Mafara. Alkohol yana kashe ƙwayar kwalara idan ya same ta a kan hannu mai tsabta. Amma babbar hanyar kwalara ita ce ruwan sha, rijiyar da ambaliya ta kwararo wa ƙazanta, ko tafkin da mutanen da 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu suke ɗiba saboda babu wani. Babu yawan sanitaizar da za ta gyara rijiya. A cibiyoyin jinyar kwalara, abin da ake wanke hannu da shi a ƙofa ruwan kulorin ne mai ƙarfin kashi 0.05, wato dai dabarar Semmelweis ce har yanzu take aiki.

Haka kuma akwai ƙwayoyin gudawa da ba su da rigar kitse, irin su norobairos, da wasu masu ƙunshe kansu cikin ɓawo mai tauri, waɗanda alkohol ba ya yi musu tasiri sosai. Ƙwayar shan-inna ma tana cikin masu jure masa. Su sai sabulu da ruwa, waɗanda ko ba su kashe ba suna ɗaye abu daga fata su tafi da shi. Saboda haka bayan fitowa daga bayi, ko bayan wanke wa yaro kashi, sabulu ne wajibi, ko da sabulun salo ne.

Darasi mafi ɗaci Zamfara ta riga ta koya. A 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, daga ƙurar dutsen zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Dalma ba rai gare ta ba balle a kashe ta. Wanda ya shafa sanitaiza a hannun da ke da ƙurar ma'adinai ya baza ta ne kawai, ya kai ta baki tare da tuwo. Haka manomin da ya gama feshin maganin ƙwari ko na ciyawa, da mahauci, da bakanike, da wanda ya yini cikin awaki ranar kasuwar Shinkafi. Duk hannun da ke da maiƙo, ƙasa ko guba, ruwa da sabulu yake bukata.

Inda ya kamata a same ta

Gurbinta na gaskiya shi ne gefen gado. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, cikin kowane majiyyaci 100 da aka kwantar, 15 suna ɗaukar wata sabuwar cuta a asibitin, kuma kusan ɗaya cikin goma na masu ɗauka yana mutuwa. A tuna da wanda ke kwance a gadajen namu. Tantancewar da MSF da hukumomin lafiya na jiha suka yi a Yunin 2024 ta nuna sama da yaro ɗaya cikin huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar a Shinkafi da Zurmi yana fama da tamowa. Yaron da yunwa ta cinye garkuwar jikinsa, ƙwayar da ba za ta yi wa babba komai ba tana iya zama ajalinsa, kuma hanyar da ta fi saurin kai ta gare shi ita ce hannun mai taimakonsa. A asibitocinmu kuwa ba ma'aikata kaɗai ke taɓa majiyyaci ba. Uwa, kaka, ƙanwa da 'yan dubiya su ke ba da abinci, su juya shi, su share masa baki.

Yadda ake shafawa ma daga wannan tarihi ya fito. A fara duba takardar jikin kwalba: etanol ko isofurofil, kashi 60 zuwa sama, lambar NAFDAC, da ranar ƙarewar wa'adi. A zuba abin da zai cika kwarmin tafin hannu, ba ɗigo ba. A murza tafi da tafi, bayan hannu, tsakanin yatsu, babban yatsa, da kan yatsu wajen farce, domin su ne suka fi taɓa abu kuma su aka fi mantawa. A ci gaba da murzawa har hannu ya bushe da kansa, abin da ke ɗaukar daƙiƙa 20 zuwa 30. Idan ya bushe kafin haka, abin da aka zuba bai isa ba, kuma a busasshiyar iskar hunturu da zafin bazararmu yakan bushe da wuri, sai a ƙara. Kada a goge da tsumma ko riga. Kada a ƙara wa kwalba ruwa domin ta yi auki, yin haka yana mayar da ita ruwan banza. Kada a bar ta a buɗe ko a cikin motar da ke rana, kada a kusanci risho, gas ko ashana sai hannu ya bushe, a kuma ɗaga ta inda yara ba sa kaiwa. Ga ma'aikacin lafiya lokutan biyar ne: kafin taɓa majiyyaci, kafin allura ko wanke rauni, bayan haɗuwa da ruwan jiki, bayan taɓa majiyyaci, da bayan taɓa kayan da ke kewaye da shi. Safar hannu ba ta ɗauke wannan nauyi, ana shafawa kafin sa ta da bayan cire ta.

Abin da ya rage aikin masu riƙe da kasafi ne. Lita goma ta haɗin Hukumar Lafiya ta Duniya tana bukatar lita 8.3 na etanol mai ƙarfin kashi 96, da ƙasa da rabin lita na haidurojin feroksaid, da mililita 145 na gilisarin. Wannan aikin masanin magunguna ne mai ma'auni, ba na tsakar gida ba, amma bai fi ƙarfin babban asibiti ba, balle a yankin da ke da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Ƙaura Namoda tun 1983. Abin da ɗakin magani na Bamako ya yi shekaru da dama da suka wuce, babu dalilin da zai hana a yi shi a nan, a raba wa ƙananan asibitoci, da ungozomomin karkara, da masu shagunan magani da su ne likitocin farko na mafi yawan talakawa. Hakan ba zai ɗauke wa gwamnati nauyin gina rijiyoyin burtsatse da kai ruwa asibitoci ba. Abu biyu ne daban, kowanne da cutar da yake tarewa.

Kafin in bar shagon nan na Ƙaura na tambayi mai shi ko zai sayo sabuwar kwalba. Ya yi dariya ya ce, "Malam, wa zai saya yanzu?" Na ce ba ta sayarwa nake nufi ba, ta kan teburinsa, kusa da auduga da sirinji. Ya yi shiru yana duban hannuwansa. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Sau biyu muna neman wannan kwalba a ranar da annoba ta riga ta iso, muka saye ta da tsada, muka shafa ta ba daidai ba, muka watsar. Yaron da aka wanke wa gyambo da tsohuwar da aka yi wa allura ba su san sunan Semmelweis ba, amma su ne mutanen da aka yi ta dominsu, kuma gobe ma za su dawo shagon.